Lafiyarsa Ƙalau

A baro aka kawo shi rumfata,
nan bakin Kasuwar Dole,
an lulluɓe shi da bargo kamar mai jinya.
Kiyari na biye, hula a hannu.
Ya ce, "Mato, duba min. Tun Laraba ya yi shiru."

Na ɗaga, na ji shi har ƙugu.
Ƙarfe zalla, babu roba ko ta magani.
Kuɗinsa, in ji Kiyari,
da sun sayi fili a Garin Malam har da katanga.
Shekara tara yana falo
yana jawo waƙa daga rezo
kamar guga a rijiyar da ba a ganin ƙasanta.

Na kwance noti goma sha biyu.
Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo,
na ga gidan kyankyaso, na ga ƙwan tsaka,
ban taɓa ganin ciki mai tsabtar wannan ba.
Na bi shi da mita, jijiya bayan jijiya.
Kuran na shiga, kuran na fita.
Babu ƙauri, babu kumburi.
Fitilarsa shuɗiya sai ƙiftawa take
tana cigiyar wanda ba ya nan.

Yarona Tasi'u ya latsa waya ya karanto mana:
masu ƙera shi sun yaye wannan samfuri.
A sayi sabo. Wai har da ragi.

"To me ya lalace?"
Na ce babu.
"To gyara mana."
Na ce, Alhaji, ƙofar da yake ƙwanƙwasawa aka toshe,
ƙofar kuwa ba a Damagaram take ba.
Dalmata ba ta kai can.

Bisa kanta, rediyon babana yana tari,
batir huɗu, eriyarsa guntun wayar shanya,
yana karanto sanarwar rasuwa da ta suna.
Shi ba wanda ya san adireshinsa
balle a aiko masa da sallama.

Kiyari ya zauna a benci.
Ashe ba kuɗin ne ke cinsa ba.
Zara'u ce ta jera waƙoƙin da hannunta,
ɗari biyu da 'yan kai,
ta sa musu suna Bayan La'asar.
Bara ta rigamu.
Shi yana zaton jerin na cikin akwati
tun da akwatin yana da nauyi.
Ban san yadda ake gaya wa dattijo
abin da ya saya aro ne ba.

Sai na juya bayan ƙarfen.
Ga 'yan ramuka biyu, ja da fari,
waɗanda babu mai iya toshe su daga nesa.
Na ce, babu wani tsohon abu a gida?

Ya dawo bayan azahar da kaset a leda,
wanda ta aika masa lokacin yana aiki Arlit.
Na hure dek ɗina, na ja waya, na haɗa.

Shiiii. Sannan ita.
"Kana cin abinci kuwa?
Nan ruwa ya yi wuya, famfo kwana shida."
Lasifikar miliyoyi ba ta rage komai ba:
zakara a bayanta,
turmin maƙwabta,
numfashin da ta ja kafin ta yi dariya.
Mai kabu-kabu da ke jiran caji ya kashe mashin.

Kiyari bai ɗago ba sai da kaset ya ƙare.
Ya ce nawa.
Na ce jaka guda, kuɗin waya.

Fitilar dai ba ta daina ƙiftawa ba.
Na yanki baƙin salatif na liƙe mata ido,
muka mai da shi cikin baro.