Turke na Sha Bakwai

Sun ɗauke ni aikin kwana tara,
dubu uku a wuni, da ruwan leda biyu.
Aikin kuwa gadin turke:
sandar ƙarfe a gonar Bappayo, gabas da Kumo,
da akwati a wuyanta mai zuƙar iska
kamar maraƙi a kan nono, sannu sannu, ba ƙoshi.

Dakta Rifkatu ta yi mana bayani a gindin ɗorawa.
Ta ce hayaƙin tashar wuta ɓarawo ne mai wayo,
baƙi yake fita daga bututu,
kafin ya kai rafi ya sake riga,
ya shige taron iska, ba mai nuna shi da yatsa.
Don haka za su haɗa shi da 'yar rakiya,
wata iska ta cikin tulun ƙarfe,
ba launi, ba wari, ba ta cizon ƙirji.
Inda ya bi, ta bi.
Inda aka kama ta, nan ya kwana.

Na ce a raina: ƙararrawa ke nan a wuyan akuya mai ɓarna,
sai dai kunnen da zai ji ta
yana can Gombe, cikin ɗaki mai sanyi.

Asubar farko iska ta yi rowa.
Ƙyallen kan sanda ya langaɓe.
Hayaƙi ya tashi kaɗan, ya shimfiɗe
kamar an kife wa gari faifai.
Dakta ta kira ta waya, muryarta har rawa take:
"Irin wannan safiya nake nema!
Sanyi a ƙasa, ɗumi a sama, murfi ke nan."
Ni kuwa sauro ke kalaci da ƙafata.

Duk sa'a sai in cire jaka,
in rubuta lamba da lokaci, in maƙala sabuwa.
Jakar iska! Ka ɗaga, ba nauyi.
Yara masu kiwo har da faɗuwa don dariya:
ga ƙato yana gadin babu.

Rana ta huɗu ruwa ya sauko, aka fasa.
Ta shida iska ta juya baya,
turkena ya wuni yana shan banza.

Da dare Goggo Daso ta ce me muke nema ne.
Na faɗa mata.
Ta yi tari, ta jira ya wuce,
ta ce, "Da ni suka tambaya.
Da damina ta kwarin Bappayo yake gangarowa,
ya bi bayan makaranta,
ya yada zango a igiyar shanyata.
Farin mayafina ya fi akwatinku sani."

Bayan wata biyu suka dawo da taswira.
Rawaya, ruwan goro, ja,
wani dogon harshe ya fito daga bakin bututu,
tsininsa ya lasa daidai inda ta ce.
Turke na sha bakwai: ja wur.
Wallahi daɗi na ji,
kamar ɗana ne ya zo na ɗaya a aji.
Sai a hanyar gida na tuna abin da jan ke nufi.

Na ba Dakta labarin mayafi.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce inda takarda za ta je
ba a karanta mayafi, lamba ake karantawa.
Wataƙila a ƙara wa bututu tsawo.
Wataƙila a sa masa matata.
Akwai wataƙila ta uku, na manta ta mece ce.

Turken tuni suka tumɓuke shi.
A ramin Bappayo ya jefa wake, ya kuwa fito.
Wayoyi na nan suna ratsa samanmu,
ɗauke da haske zuwa birni,
mu muna laluben tocila.

Yanzu in na fito da asuba
sai in jiƙa yatsa, in ɗaga shi sama,
in tsaya jiran gefen da zai yi sanyi.
Kafin in gane,
Goggo ta kwashe shanyarta.