Cokali Ɗaya

A Zangon Damagaram, lungun masu dukan tabarma,
akwai ni, akwai turmina, akwai awakina uku.
Matsar gyaɗa nake yi, shekara ashirin da tara.
Ko da toka na wanke hannu, mai ba ya barin sa,
amma ban taɓa zaton awaki na da rabo a kwalba ba,
sai tunkuza in ta ragu, in marmasa musu cikin dussa,
su ci suna kallona, ni kuma in jira madara.

Bazara ta kama, duwatsun Birni suka ɗau zafi,
harawa ta yi tsada a Kasuwar Dole,
hantsar Jar Goshi ta yamutse kamar tsohuwar zabira.
Na tatsa, na sake tatsa. Abin da ya sauko
fari ne dai, amma ruwa-ruwa, ba ya kama ƙwarya.
Yagana mai cuku ta leƙa ta ce, "Tasalla,
wannan in na shanya, rana ce za ta sha, ba saura."

Sai ga ƴar ƙanena, Ramatu, daga jami'a,
da littafi, da gwangwanin awo.
Ta ce, "Gwaggo, ara min cokalin shan kokonki.
Ɗaya da safe, a murza cikin dussa har ya ɓace.
Wannan man gyaɗa, waccan man riɗi,
ta ukun a bar ta yadda take, ita ce shaida."
Na ce, "Man da nake sayarwa zan ba dabba?"
Ta ɗaura wa kowace zare a wuya, ta fara.

Sati ɗaya, shiru. Sati biyu, shiru.
A na uku gashin Jar Goshi ya soma sheƙi.
Awon bai hau da yawa ba, rabin kofi ne,
amma in madarar ta kwana sai ta yi fuska,
maiƙo ya shimfiɗa a kai, fari, mai kauri.
Ta riɗin kuwa, man da na kaɗa daga nononta
ya fi laushi, yatsa kawai yake jira.
Yagana ta ɗaga cuku a tafin hannu, ta ji nauyi,
ba ta ce uffan ba, dala goma ta ƙara.

To, zuciya.
Ramatu ta tafi Miriya kwana biyar,
na ce, in ɗaya ya yi haka, uku fa?
Na karkata kwalba ba awo, ban lura.

Kwana biyu Jar Goshi ta juya wa komi baya.
Ta daina tuƙa. Zawo ya ɓata mata wutsiya.
Madarar ta tsinke, maiƙon da nake taƙama da shi
ya tafi ko sallama babu.
Na kwana a turke da fitila ina shafa mata ciki,
har ladan ya yi kira.

Ramatu ba ta yi faɗa ba, ta tsuguna.
Ta ce, "Cikin tumbin nan akwai ƴan halittu,
ido ba ya ganin su, su ke narka mata ciyawa.
Kaɗan abinci ne, da yawa shaƙe su yake.
A janye mai, a ba ta harawa da ƴaƴan gawo da kara."

Kwana tara kafin in ji haƙoranta suna niƙa cikin dare.
Ban taɓa jin sautin da ya kai shi daɗi ba.

Yanzu cokalin na rataye a ƙusa, bakin rumfa,
da jan zare a wutsiyarsa, kada yara su kai shi kicin.
Kokona da ludayi nake sha.
In maƙwabta sun zo tambaya, shi nake nuna musu,
in ce, "Wannan. Kuma a shafe bakinsa, ban da tozo."
Jar Goshi na jin ƙarar kwalba take miƙewa,
ni ce dai har yau hannuna ke son ya ƙara.