Ɗingishin Keken Cindo

A kan sikeli na tarar da shi,
a rumfar 'yan gwangwan da ke bayan Domayo,
kwance tsakanin bakin garma da ƙafar tsohon gado.
Yaron ya ce kilo talatin da ɗaya,
jibi mota za ta kwashe su kudu a narkar.
Na ce, juyo min shi in ga fuskarsa.

Wuya kamar na zalɓe,
hannu guda siriri, mai shiga har cikin hancin takalmi.
Lakar Mayo Kaliyawo ta toshe masa baki
tun daminar da ruwa ya ci shagon Cindo baduku,
shekara biyu bayan an kai mai shi makwanci.
'Ya'yansa sun koma sayar da waya.
Ban ga laifinsu ba, fata ba ta ciyar da gida kamar da.

Kuɗin buhun dawa na biya.
Mai babur ya yi ta mita har ƙofar gida,
maƙwabta suka ce na sayo wa tsatsa masauki.

Kwana tara yana shan kananzir.
Na kwance shi gaɓa-gaɓa a kan tabarma,
kowane kusa da murfin kwalbarsa don kar su ɓace.
A jikin ƙafar juyi na sami wani ɗan kwari,
santsi kamar dutsen guga:
shekara arba'in na babban yatsa ɗaya.
Na sa nawa a ciki. Ya yi min yawa.

A aljihun teburin akwai guntun kakin zuma
da sawun haƙori a jiki,
da basilla karyayya, da ƙwayar bagaruwa uku.
Ƙarfen da ya ɓata, Bakari mai walda ya ƙera
daga sifokin keken hawa, bai karɓi ko sisi ba,
ya ce shi dai a kira shi ranar da zai yi magana.

Ranar Laraba, bayan la'asar,
na shimfiɗa jar fatar akuya daga majema,
warin jima bai gama barinta ba.
Na taka.
Ya yi tari. Ya yi shiru. Sai ya kama:
taf, taf, taf, taf, taf, taf,
a na bakwai ya ɗan ja ƙafa.
Na sake. A na bakwai ya ja ƙafa.

Na ɗauko sukudireba zan gyara,
sai ga sanda tana lalube a zaure.
Inna Dudu ce, idonta ya tafi tun bara,
jikarta na riƙe da gefen zanenta.
Ta ce, wa ke taka keken mijina?
Daga gindin darbejiya na ji ɗingishinsa.
Da shi nake sanin lokacin ɗora tukunya.

Ta zauna a kan turmi, ta ce in ci gaba.
Bakari ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu.
Na ɗinka mata zabira, bakinta a karkace,
ta bi ɗinkin da farce tana ƙirgawa,
duk ta zo na bakwai sai ta yi murmushi.

Na mai da sukudireba cikin akwati.
Yau ma da safe na ɗiga masa mai,
Marwa ba ta gama farkawa ba,
shi kuwa yana ta tafiyarsa a kan fata,
shida daidai, ɗaya tasa.