Yatsa Biyu a Taswira

A Katmandu, kan teburin malamina,
tsakanin Beltar da Sirubas yatsa biyu ne a taswira.
Na auna da kaina, na rubuta: kusa.
Sai da na kwana uku ina hawa
na gane takarda ba ta haki.

An aiko ni ƙirgar farashi,
gishiri, kananzir, buhun siminti,
in gano abin da ke sa mudu ɗaya
sauya kuɗi kamar hawainiya
daga gindin dutse zuwa ƙeyarsa.

A Beltar kogi ya shimfiɗa wa gari tabarma.
Motoci na shigowa tun kafin zakara ya yi cara,
haraji na zuwa da ƙafarsa,
kansiloli kuwa rigimarsu ta ƙoshi ce:
wa zai karɓi kuɗin tasha,
wa za a ba rumfar bakin hanya.

A Sirubas, majalisa ɗaki ɗaya ce, awaki a ƙarƙashinta.
Tek Magar ya buɗe mini kasafin shekara,
rabinsa duk bangon tare zaizaya.
Ya ce, "Dutse ne ke fara karɓar harajinsa.
Abin da ya rage mana bayan damina,
shi muke kira manufa."

Fulmaya ce ta hau da ni,
kwando a baya, igiya a goshi,
gishirin unguwa guda a wuyanta.
Na ce, "Kilomita nawa ya rage?"
Ta yi dariya har kwandon ya girgiza.
"Ɗan birni, tambaye ni hutu nawa.
Da rani tara.
Kowane hutu, gishiri ya ƙara rupi.
Da damina kuwa, in gada ta tafi,
sai ka je ka tambayi kogi."

Na zauna a taronsu, ina jin sanyi har ɓargo.
'Yan sama na son asibiti,
'yan gangare na son hanya,
kuɗin bai isa rabin ko ɗaya ba.
Aka ɗaga hannu. Hanya ta ci da hannu biyu.
Wani tsoho ya fita bai yi sallama ba,
matarsa ce ta mutu a kan makara, a hutu na shida.

Shekara bakwai na koma, a cikin mota.
Gishiri ya sauko. Kananzir ya sauko.
Layin da na zana ya kwanta yadda ake so,
malamina ya buga tebur don murna.

Amma shinkafar kwari ta hau da araha,
gonakin gero masu hawa-hawa sun koma ciyawa.
Kasuwar Asabar ta tattara ta sauka kwana.
Motar da ke hawa da siminti
da samari take sauka,
ba ta taɓa dawo da su cikakku ba.
Tek ya sake buɗe mini kasafi, ya yi furfura:
rabinsa yanzu gyaran hanya.

Fulmaya na sayar da shayi a inda da take hutu na huɗu.
Wuyanta ya huta, ta ce, aljihunta ma haka.
Ta leƙa littafina.
"Wannan gidan na ƙarshe fa, na mene ne?"
Na ce nan muke zuba abin da lissafi bai kama ba.
Ta zuba mini shayi, ta ce,
"To ka faɗaɗa shi."

Yanzu in ɗalibi ya ɗora yatsa a taswira
ya ce mini kusa ne,
ba na gardama.
Takalmi nake ba shi aro.