Tsagar Soro

Soron kakana a Garun Gabas ya tsage
daga zanko har dokin ƙofa.
Na sayi siminti buhu shida,
kafin in farke ɗaya
sai ga Malam Jibo da takarda mai hatimi:
wai soron ya shiga rajistar tarihi,
ba bulo, ba kwano,
sai tubali da makuba da azara.

To, na ji.
Na nufi fadama neman giginya,
malamin daji ya ce in na sara, tara.
Kuɗin tallafi kuwa yana Dutse
kwance cikin fayil,
ya fi ni samun inuwa.

Baba Cindo magini, ido ya yi yana,
'ya'yansa duk bulo suke bugawa.
Ya shafa bangon kamar mai tayin saniya,
ya ce, "Bai mutu ba, ƙishirwa yake ji.
Je ka kangon Tanimu, akwai azara,
gara ta ɗanɗana ta tofar."

Jiya muka kwaɓa ƙasa da ƙafa
har la'asar sakaliya.
Hadari ya haɗo daga gabas,
bai nemi sa hannun kowa ba.