Dala Goma

Kullum da hantsi Ɗan Tambai zai tsaya
kan tirena na ƙuli-ƙuli, ya yage tikiti.
Dala goma. In miƙa ina ƙunƙuni:
kwatar Bagalam dai tana nan da warinta.

Ran Asabar jikata ta ja ni gidan wasa,
wai da kuɗin lampo aka sa kwano,
aka sayo fitilu, aka sallami mai gurmi.

Sai ga Ɗan Tambai bisa dandali,
da zane da kallabi,
yana ɓoye tire bayan buhun hatsi,
yana rantsuwata, har da tsakina!

Na yi dariya har haƙarƙari ya amsa.

Litinin na ce, ungo.
Amma ɗingishin nan ƙari ka yi.
Kwata kuwa, ina jira.