Rajistar Dare

Ƙarfe biyu na dare a Tromsø,
rana ta yi wata guda ba ta leƙo ba.
Ofishin jiragen fito shiru,
daga ni sai kofin da ya huce,
sai fankar uwar garke tana haki a kusurwa.

Allo ya yi ja.
Casa'in da takwas cikin ɗari, rumbu ya cika.
Da asuba jirgin farko zai tashi,
in tikiti ya ƙi fita, sunana za a kira:
Oddny! Ina Oddny ta shiga?

Na leƙa in ga wa ya cinye wurin.
Ba hotuna ba ne, ba wasiƙu ba.
Rajista ce,
littafin da na'ura ke rubuta wa kanta
layi bisa layi, ba hutu, ba Lahadi:
wane ya shigo, wane ya fita,
wane ya taɓa ƙofa da mabuɗin da ba nasa ba,
wuta ta ɗauke, wuta ta dawo,
injin tikiti ya haɗiye takarda sau goma sha ɗaya.
Shekara huɗu tana zuba, ba mai ce mata uhum.

Yatsana na kan maɓalli.
Layi ɗaya zan rubuta, duka su bi iska.

Sai na ji Torleif, wanda ya koya mini aikin,
kamar yana bayana da warin tabarsa:
"Tsofaffin nan da aka naɗe, aka matse, aka ba lamba,
share su, ba abin da zai faɗi.
Na'ura ba ta waiwayen jiya.
Amma wanda ake rubutu cikinsa yanzu, kar ki fizge.
Sunan zai ɓace, wurin ba zai dawo ba,
za ta yi ta ɗura ruwa a tulun da ba kya gani.
Zubar da abin ciki, ki bar mata tulun."

Yakan tsaya nan, ya goge tabarau da gefen rigar sanyi.
"Kuma ranar da kuɗi suka yi ƙafa, wa za ki tambaya?
Wanda ya share sawu
ba ya cewa a bi masa ɓarawo."

Na buɗe ɗaya na bara, don dai in tabbata.
Tara ga Maris, uku da minti shida:
torleif ya shiga.
An gyara agogo, daƙiƙa arba'in.
Uku da rabi: torleif ya fita.

Na gangara. Afrilu. Mayu. Yuni.
Sunana kaɗai, sunana kaɗai.

Ashe kwana biyu kafin a kwantar da shi
ya tako ƙanƙara cikin dare, da tarin nan nasa,
saboda daƙiƙa arba'in,
bai gaya wa kowa ba.
Na'ura ba ta san rasuwa ba.
Ita dai ta rubuta ya fita.

To, akwai haɗari a share su?
Ga na'ura, babu.
Gobe za ta tashi garau, ba ta nemi kowa ba.
Mu ne masu dawowa da tambaya.

Na ciro ƙaramin faifai daga aljihun tebur,
na kwashe shekara huɗu a ciki,
na duba sau biyu sun isa lafiya,
na manna takarda, na sa kwanan wata.
Sannan na share duk abin da ya haura wata uku,
na umarce ta daga yau ta riƙa naɗe tabarmarta da kanta.

Sittin da ɗaya cikin ɗari.
Jan ya koma kore.

A waje dusar ƙanƙara ta rufe sawun motata.
Can bakin ruwa wani ya kunna fitilar jirgi.
Kafin in kashe allo na ga sabon layi ya ɓullo a ƙasa:
uku saura kwata, oddny ta share.

Har wannan ma ta rubuta.